Cutar Tantanin Gani ta Bakwaini: Yaɗuwarta a Duniya da Abin da Ke Tafe wa Gaya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba cutar tantanin gani da ke kama jariran da aka haifa kafin cikinsu ya isa, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da ROP. Ta bi sawun cutar tun daga 1942, ta kawo alƙaluman yaɗuwarta a duniya da abubuwan da ke haddasa ta, sannan ta auna su da halin da garin Gaya yake ciki a jihar Dosso, kan iyakar Nijar da Benin da Najeriya. Matsayin maƙalar shi ne cewa cutar tana bin bayan ci gaban ɗakunan jarirai, don haka ranar da aka kafa na'urar oksijin a asibiti ita ce ranar da ya kamata a fara shirin kare idon bakwaini.

1. Gabatarwa



Ranar 30 ga Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijar ta kawar da makantar kogi, kuma ita ce ƙasar Afirka ta farko da ta kai wannan matsayi. Mu mazauna bakin kogin Isa mun san darajar wannan labari. Makantar da kakanninmu suka sani daga waje take zuwa: cizon ƙudan kogi, amosanin ido, ƙyanda da ƙarancin bitamin A, ko yanar tsufa. Asibiti shi ne mai yaƙi da su duka. Cutar da zan yi magana a kanta yau kuwa a cikin asibitin take tasowa, kuma jaririn da aka sha wahala aka ceto ransa take kamawa. Inda bakwaini ba ya rayuwa ba a ganinta. Inda ake kula da shi da cikakken kayan aiki ana tare ta da wuri. Tsakanin waɗannan wurare biyu take ɓarna, kuma can muka dosa.

2. Yadda cutar ke tasowa

A can ƙuryar ido akwai wani siririn tantani da haske ke sauka a kansa, shi ke aika hoto zuwa ƙwaƙwalwa. Likitoci na kiransa retina. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi suna fara tsiro wajen mako na 16 na ciki, daga inda jijiyar gani ta shigo ido, suna bazuwa sannu a hankali zuwa gefe. Ɓangaren da ke kusa da hanci sukan cim masa wajen mako na 36, na wajen kunne kuwa sai mako na 40. Jaririn da ya zo a mako na 28 ko na 30 ya zo ne da aikin da ba a ƙarasa ba. Manomin rani na fadamar Gaya zai gane abin nan take: an ja magudanar ruwa zuwa tsakiyar gona, fangalin da ke ƙarshe bai samu ba tukuna.

A cikin mahaifa oksijin kaɗan ne a jinin ɗan tayi, kuma wannan ƙarancin ne ke sa tantanin ya riƙa fitar da sinadarin VEGF mai jan jijiyoyi su ci gaba da tsiro. Da an haife shi, iskar ɗaki kanta ta fi ta mahaifa yawan oksijin, balle a ƙara masa da na na'ura. Sai VEGF ya ja baya, tsiron ya tsaya cik, wasu ƙananan jijiyoyin ma su toshe. Ga kuma sinadarin girma na IGF-1, wanda yake samu daga uwa ta hanyar mabiyiya, ya yanke. Wannan shi ne zango na farko, kuma babu abin da ake gani daga waje. Bayan 'yan makonni tantanin ya girma, buƙatarsa ta ƙaru, gefen da jijiya ba ta kai ba ya shiga yunwar oksijin, sai ya kwararo VEGF fiye da kima. Jijiyoyin da ke fitowa a wannan karon ba su da tsari kuma ba su da ƙwari. Suna kutsawa cikin ruwan ido, suna zubar da jini, suna barin tabo, tabon kuma ya ja tantanin har ya ɗaye shi daga bangon ido.

Tsarin rabe-rabe na ƙasa da ƙasa, wanda aka fitar a 1984 aka sabunta a 2005 da 2021, ya kasa cutar mataki 5, ya kasa tantanin shiyya 3, ya kuma ware alamar kumburi da murɗewar jijiyoyi da ke nuna cewa cutar ta yi zafi. Yawancin jariran da suka tsaya a mataki na 1 da na 2 suna warkewa da kansu. Waɗanda suka kai matsayin magani kuwa ana son a yi musu cikin awa 48 zuwa 72. Idon ba ya ja, ba ya kwantsa, ba ya hawaye. Abin da uwa za ta fara lura da shi, wato fari a ƙwayar ido ko yaro ɗan wata 4 da ba ya bin fuskarta da kallo, alamar mataki na 5 ne, lokacin da tiyata ma ba kasafai take maido da gani ba.

3. Darasin tarihi

Theodore Terry, likitan ido a birnin Boston na Amurka, shi ya fara bayyana cutar a 1942. Cikin shekara goma da suka biyo baya ta makantar da yara kimanin 10,000 a duniya, wajen 7,000 daga cikinsu a Amurka. Mawaƙin nan Stevie Wonder, wanda aka haifa bakwaini a 1950, yana cikinsu. Zamanin ne aka samu sababbin kwalaben rainon jarirai masu riƙe iska, ana cika su da oksijin da kyakkyawar niyya. A 1951 Kate Campbell, likitar yara a Melbourne ta Ostareliya, ta lura cewa cutar ta fi yawa a inda ake ba da oksijin a wadace. Arnall Patz ya gwada haka a Washington a 1952, sannan wani babban gwaji na asibitoci 18 na Amurka ya tabbatar da zargin a 1954.

Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren da nake so mu riƙe. Asibitoci suka tsuke oksijin, aka hana wuce kashi 40 cikin ɗari ko da jariri yana shiɗewa. Makanta ta ragu ƙwarai, amma mace-mace da shanyewar jiki suka ƙaru. A 1973 Kenneth Cross ya ƙiyasta cewa an rasa jarirai wajen 16 a madadin kowane ɗaya da aka kare daga makanta. Shekaru bayan haka aka sake taɓa batun da kayan awo na zamani. Nazarin haɗin gwiwa na NeOProM, wanda aka wallafa a 2018, ya tattara gwaje-gwaje 5 da jarirai kusan 5,000 da aka haifa kafin mako na 28. Waɗanda aka riƙe oksijin jininsu tsakanin kashi 85 da 89 sun fi tsira daga ROP mai buƙatar magani, kashi 10.9 a kan 14.9. Amma sun fi mutuwa, kashi 19.9 a kan 17.1 na waɗanda aka riƙe tsakanin 91 da 95. Saboda haka kada wani ya fita daga wannan zaure yana cewa an ce oksijin na makantar da yara. Oksijin magani ne mai ceton rai, sai dai kamar kowane magani yana da awo, kuma tazarar da ke tsakanin yawansa da ƙarancinsa 'yar kaɗan ce.

Makantar da ta biyo bayan 1942 ita ce annoba ta farko. Ta biyu ta zo a shekarun 1970 da 1980 a ƙasashe masu arziki, lokacin da jarirai 'yan ƙasa da kilo 1 suka fara rayuwa. Ita ta haifar da magunguna: daskarar da gefen tantani, wanda gwajin 1988 ya nuna amfaninsa, sai ƙonawa da hasken leza, sai allurar cikin ido mai danne VEGF, wadda gwajin BEAT-ROP na 2011 ya fito da ita fili.

Ta uku ita ce tamu. Farfesa Clare Gilbert ta Landan da abokan aikinta sun nuna a 1997 cewa ROP ta zama babbar sanadin makantar yara a Latin Amurka da gabashin Turai, daga baya Indiya da Sin suka bi. Gilbert ta lura da wani abu mai amfani ga masu tsara manufa: haɗarin ya fi yawa a ƙasashen da mace-macen jarirai 'yan ƙasa da shekara 1 yake tsakanin 9 da 60 cikin kowace haihuwa 1,000. Sama da 60, bakwaini ba ya kai wa lokacin da cutar za ta bayyana. Ƙasa da 9, akwai kayan aiki da masu duba ido.

4. Alƙaluman duniya da na Afirka

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2023 ya ƙiyasta cewa an haifi bakwaini miliyan 13.4 a shekarar 2020, kusan ɗaya cikin kowace haihuwa goma. Ƙasashe biyar, Indiya da Pakistan da Najeriya da Sin da Habasha, su ke da kashi 45 cikin ɗari na wannan adadi. Game da ROP kanta, ƙiyasin da aka fi dogara da shi shi ne na Hannah Blencowe da abokan aikinta na 2013. Sun lissafa cewa a 2010 jarirai 184,700 sun kamu da wani mataki na cutar, 20,000 sun makance ko ganinsu ya yi mummunan rauni, wasu 12,300 kuma sun samu rauni matsakaici. Kashi 65 cikin ɗari na waɗanda ganinsu ya taɓu an haife su ne a ƙasashe masu matsakaicin arziki. Wani zai ce 20,000 ba yawa ba ne idan aka kwatanta da masu yanar ido. Amma mai yana dattijo ne, kuma tiyatar rabin awa tana maido masa da gani. Wannan kuwa jariri ne da zai yi shekara sittin ko saba'in a duhu.

A Afirka alƙaluma ba su da yawa. Wani nazari da ya tattara abin da aka wallafa, wanda ya fito a 2019, ya samu bayanai daga ƙasashe 6 kacal cikin 54: Afirka ta Kudu, Masar, Najeriya, Sudan, Ruwanda da Kenya. Babu Nijar, babu Benin. A Fatakwal, binciken da aka wallafa a 2014 ya duba jarirai 53 ya samu cutar a 25. A Ilori, Farfesa Dupe Ademola-Popoola ta jagoranci ƙoƙarin haɗa likitocin ido da na jarirai a faɗin Najeriya, kuma rahoton aikinsu na 2017 zuwa 2020 ya nuna cewa cikin jarirai fiye da 700 da aka duba, kusan kashi 18 cikin ɗari na ɗauke da ita. Tsohon zancen da ake yi cewa baƙar fata ba ya kamuwa ba shi da madafa a gaban waɗannan alƙaluma. Gaskiya ne binciken Amurka ya nuna cewa cutar ba ta cika tsananta a jariran baƙar fata kamar na farare ba, amma wannan a ɗakunan da ake auna oksijin dare da rana ne.

5. Abubuwan haɗari, da yadda suka taru a Gaya

Manyan abubuwa uku su ne ƙarancin makonnin ciki, ƙarancin nauyi, da oksijin da ba a auna ba. Bayansu akwai ƙwayoyin cuta a jini, ƙarin jini, rashin ƙara nauyi a makonnin farko, da ɗaukewar numfashi. Nonon uwa kuwa yana rage haɗari.

Mu ɗora wannan a kan Gaya. Binciken lafiyar al'umma na 1992 ya samu mace-macen jarirai 123 cikin 1,000 a Nijar, na 2012 ya samu 51, na 2021 ya samu 73. Wato muna kai-komo a bakin iyakar da Gilbert ta shata. Abubuwan da ke kawo haihuwa kafin lokaci kuma suna nan a tare. Gaya tana cikin yankin da ya fi ko'ina ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara, ga kogi ga fadamun shinkafa da rake, don haka zazzaɓin cizon sauro ba ya barin mai ciki ta huta. Binciken 2012 ya samu cewa kashi 76 cikin ɗari na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kuma cikin ƙuruciya da haihuwa kusa da kusa duk sanannun dalilai ne. A ɗaya hannun, tun bayan annobar korona na'urorin tace oksijin sun yawaita a asibitocin Afirka ta Yamma. Wannan alheri ne, jarirai da yawa za su rayu a dalilinsa. Sai dai na'urar tana fitar da iska mai oksijin fiye da kashi 90, kuma ga jariri mai kilo 1.5 ko rabin lita a minti ɗaya ta hanci na iya kai jininsa kashi 99 ko 100. Ma'aikacin da bai samu horo ba yana ganin 100 a allo zai yi hamdala, alhali ga bakwaini da ke kan oksijin wannan lamba gargaɗi ce. Hawa da saukar oksijin ma haɗari ne mai zaman kansa, kuma Gaya, garin da wutarsa ke zuwa ta Kamba a Najeriya, ya ga abin da ya faru lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023.

Daga nan wani muhimmin abu ya biyo. Amurka tana duba idon jariran da nauyinsu bai wuce giram 1,500 ba ko waɗanda aka haifa a mako na 30 zuwa ƙasa. Indiya ta gano cewa wannan ma'auni yana barin jarirai da yawa a waje, domin inda ake ba da oksijin tsantsa cutar tana kama manyan jarirai, wani lokaci da wani nau'i mai saurin gaske da ke tsallake matakai. Shi ya sa ta faɗaɗa nata zuwa mako 34 ko giram 2,000. A ganina ma'aunin Indiya ne ya dace da mu, kuma a jingina shi a kan nauyi, tunda mata da yawa a ƙauyukan yankinmu na Dendi ba su yi hoton ciki da wuri ba, lissafinsu na wata ne. Sikeli kuwa ba ya buƙatar tuna ranar al'ada ta ƙarshe.

Sai batun lokaci, wanda a nan al'adarmu ta shigo. Ana son duba na farko kafin jariri ya cika kwana 30, waɗanda suka fi ƙanƙanta ma a mako na 2 zuwa na 3, sannan a maimaita bayan mako ɗaya ko biyu har jijiyoyi su kammala. Wannan wa'adi ya faɗo daidai cikin kwanakin jego. Mai jego tana wanka, ba ta fita sai arba'in. Idan haihuwar fari ce ta tafi gidan iyayenta, gidan kuwa yana iya zama a Tanda ko Bengou, yana iya zama a Kamba ta jihar Kebbi, ko a Malanville ta Benin a tsallaken kogi, inda aka rufe gadar bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, mutane suka koma tsallakawa da kwale-kwale. Yarinyar da ta yi ɗan fari kuma kunya ba za ta bar ta ta nace a kan maganarsa ba. Kakarsa ce mai yanke hukunci, mahaifinsa ne mai kuɗin mota. Daga Gaya zuwa Dosso wajen kilomita 150 ne, zuwa Yamai kusan 300. Tun 2006 dokar Nijar ta ce jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ce, amma dokar ba ta biyan kuɗin mota, kuma da wuya a shawo kan iyali su ɗauki jariri mai kilo 1.7 su kama hanya saboda idon da kowa ke ganinsa garau.

6. Abin da za a iya yi

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mataki mafi araha yana ɗakin jarirai ne, kafin a kai ga likitan ido. Kowane bakwaini da ke kan oksijin ya samu na'urar auna oksijin jini mai maɗaurin jarirai, a saita ƙararrawarta sama da ƙasa, a rage iskar da zarar lamba ta haura 95. Duk mai sayo wa asibiti na'urar oksijin, gwamnati ce ko ƙungiyar agaji ko attajirin gari, a gaya masa cewa kyautar ba ta cika ba sai da na'urar awo da ta gauraya oksijin da iska. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara farfaɗo da jaririn mako 32 zuwa ƙasa da kashi 30 ko da iskar ɗaki, kada a fara da tsantsa. Wanke hannu, nonon uwa, da goyon ƙirji irin na kangaru duk suna rage kwanakin da jariri zai yi a kan oksijin ko cikin ciwo. Gwajin da aka wallafa a 2021, wanda aka yi a Gana da Indiya da Malawi da Najeriya da Tanzaniya, ya nuna cewa fara goyon ƙirji nan take ya rage mutuwar jarirai masu kilo 1 zuwa 1.8 daga kashi 15.7 zuwa 12.

Game da duba ido, ba lallai ne a jira sai Gaya ta samu ƙwararren likitan tantanin gani ba. A jihar Karnataka ta Indiya, shirin KIDROP da Dokta Anand Vinekar ya fara a 2008 ya horar da ma'aikatan da ba likitoci ba, suna zagaya asibitocin karkara da kyamarar ido a mota a ranaku sanannu, suna aika hotuna ta intanet ga ƙwararru a Bangalore. Mota ɗaya da za ta riƙa bin Dosso da Gaya da Dogon Dutsi kowane mako, ƙarƙashin shirin ƙasa na lafiyar ido, hotunan kuma a karanta su a Yamai, abu ne da bai fi ƙarfinmu ba. A yi duba na farko kafin sallama duk lokacin da ya yiwu. A rubuta ranar dawowa a katin awo da jan biro, a faɗa wa kaka da mahaifi baki da baki da Hausa ko Dendi ko Zabarmanci, kuma a ba su ranar da lissafin da suka saba: saura kwana goma a yi arba'in.

Akwai tambaya ɗaya mai wuya da nake so masu ilimin ido a zauren nan su tattauna. Idan an gano jaririn da ke buƙatar magani, leza za a yi masa ko allura? Allurar bevacizumab mai danne VEGF tana da araha, ana yin ta cikin mintoci, ba ta buƙatar babbar na'ura, don haka ita za ta fi jan hankalinmu. Amma bayan allura cutar na iya dawowa bayan makonni da yawa, har jariri ya yi watanni, wanda ke nufin sai an yi ta bibiyarsa. Leza tana buƙatar na'ura mai tsada da hannu mai horo, tana kuma ƙara yiwuwar yaro ya buƙaci tabarau mai ƙarfi, sai dai galibi sau ɗaya ake yi a gama. Ga jaririn da iyayensa ke cikin garin Dosso allura na iya wadatarwa. Ga wanda za a tsallaka da shi Malanville a kwale-kwale washegarin sallama, ni leza zan zaɓa, ko da hakan na nufin a kai shi Yamai cikin kwana uku. Kafin a yanke wannan hukunci da hujja muna buƙatar rajistar shekara guda a Gaya da Dosso: kowane jariri ɗan ƙasa da giram 2,000, kwanakin da ya yi a kan oksijin, hoton idonsa a kwana na 30, da garin da aka tafi da shi jego.